Wake biyu, suna ɗaya: muhawarar iri a zauren 'yan Arewa mazauna Legas

Alhaji Mai Wake, Mile 12: Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu ilmin noma na zauren nan. An sauke mini wake kashi biyu, ɗaya daga Dawanau, ɗaya daga wajen Potiskum, kowanne an ce mini Kanannado ne. Na zuba a tafin hannu na duba: fari, manyan ƙwaya, fatar da ɗan kaushi, ban ga bambanci ba. Wata Bayarabiya mai ƙosai da alale da ta daɗe tana saye a wurina ta ɗiba daga kowanne. Jiya sai ga ta tana ruwan masifa, wai ɗaya da an jiƙa shi fatar take saɓulewa, ƙullun ya tashi, ɗayan kuwa sai ta yi ta murza, ƙosan ya sha mai ya kwanta. Ha'inci aka yi mini, ko kuwa Kanannadon ne ya zama biyu?

Sale Kwamared, Obalende: Wa alaikumus salam Alhaji. An haɗa maka da na bara ne kawai. Tsohon wake ba ya dahuwa da wuri, kowa ya sani.

Alhaji Mai Wake, Mile 12: Sale, da haƙori nake gane tsohon wake tun kafin a haife ka. Duka biyun sabo ne.

Malam Lawal, shugaban zaure: Bilkisu tana nan? Wannan fagenta ne.

Bilkisu, Yaba: Ina nan Malam, cunkoso ya riƙe ni a gadar Eko, bari in rubuta tun da ba motsi muke ba. Baba Alhaji ina wuni. Maganar Yaya Sale ba abin yarwa ba ce: waken da ya daɗe a wuri mai zafi da laima yana taurin dahuwa, ko da asalinsa mai laushi ne. Ƙasar da aka shuka shi da ruwan da ya samu su ma suna taɓa shi. Amma in duka sabo ne, abin da ya fi yiwuwa shi ne ba wanda ya ha'ince ka. Suna ne ɗaya, jinin daban. Musa nawa ne a Agege? Duk Musa ne, amma ba uwa ɗaya ba uba ɗaya ba. Manomi yana raɗa wa iri suna ne saboda kamanni ko garin da ya samo shi, kuma launin fatar wake da kaushinta ƙwayoyin gado kaɗan ne ke riƙe da su. Sai ka ga wake biyu sun yi kama a tafin hannu alhali a sauran halittarsu sun yi nisa da juna. Akwai kuma akasin haka: iri ɗaya ne tak, amma a Bichi sunansa daban, a Gumel daban.

Hajiya Mai Fura, Agege: To 'yata, in ido ba ya rarrabewa, suna ba ya rarrabewa, da me ake rarrabewa?

Bilkisu, Yaba: Hajiya ina wuni. Wannan tambayar taki ita ce aikin da ke gaban duk wata ma'ajiyar iri a duniya. Nan kusa da mu a Ibadan, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da aka kafa a 1967 tana da samfurin wake fiye da 15,000, ba wata ma'ajiya da ta kai ta yawan wake a duniya. Tana da gujiya ma. A Ibadan ɗin dai akwai ta gwamnatin tarayya, NACGRAB, tun 1987. Gero da dawa da gyaɗa kuwa babban rumbunsu na cibiyar ICRISAT ne, wadda hedikwatarta ke kusa da Haidarabad a Indiya, tana da reshe a Sadore kusa da Yamai: dawa wajen samfuri 40,000, gero fiye da 20,000. Amma samfuri 15,000 ba yana nufin iri 15,000 ba ne. Wani an ɗauko shi sau biyu daga kasuwa ɗaya, wani cibiyoyi sun yi ta aika wa juna kowa ya ba shi sabuwar lamba. Sai an tantance kafin a san abin da ke hannu.

Hanya ta farko ita ce gona. A shuka su jere a fili ɗaya, rana ɗaya, taki ɗaya, don kada ƙasa ta yi wa wani alfarma. Sai a bi su da littafi: kwana nawa ya yi kafin fure, yaɗo yake ko tsayuwa, tsawon kwanso, ƙwaya nawa a kwanso, nauyin ƙwaya 100, yawan harawa, yadda ya yi da ƙwari. A maimaita a wata shekara da wani gari, domin damina ɗaya ba ta isa shaida.

Hanya ta biyu gwajin DNA. A yanki ɗan ganye daga tsiro, a ciro sinadarin gadonsa, a duba wurare masu yawa a jikinsa a ga inda wannan ya saɓa da wancan. Na wake akwai na'urar da ke duba wurare fiye da 50,000 a lokaci ɗaya. Kwamfuta ta lissafa kusancinsu ta zana su dangi dangi. In biyu sun zo daidai a kusan ko'ina, to abu ɗaya ne aka ajiye sau biyu.

Alhaji Mai Wake, Mile 12: Wato har wake ake yi wa gwajin uba yanzu. Allah mai iko.

Isuhu Ɗan Maraɗi, Idi-Araba: Malama, ni wanga zance na wake ban musa ba. Amma hatsi fa? A garinmu in ka shiga gona guda, zangarniya goma kama goma. Wata doguwa kamar ta Zango, wata gajera mai kauri, wata da gashi. Duk kuma iri guda munka shibka, daga rumbu guda. Wace za ku auna ku ce ita ce irin?

Bilkisu, Yaba: Malam Isuhu ka taɓo inda aikin ya fi wuya. Wake yana barbarar kansa ne tun furen bai gama buɗewa ba, shi ya sa ɗa yake fitowa kamar uwa, tsiro kaɗan sun isa su wakilci samfurin. Dawa ma galibi haka take, ko da yake tana ɗan karɓar na maƙwabta. Gero kuwa ɓangaren mace na zangarniyar ne ke fara fitowa, kafin bununinta ya zuba, don haka iska ce ke kawo mata na wasu. Kowace ƙwaya a zangarniya ɗaya tana iya zama da uba daban. Saboda haka a gero ba a auna tsiro ɗaya a ce an auna iri. Sai an ɗauki tsirrai da yawa daga samfuri guda, a ga wace siffa ce ta fi yawa, wacce ce ba ta cika fitowa ba. Kuma abin da aka sha gani shi ne bambancin da ke cikin gona guda ta gero ya fi wanda ke tsakanin wannan gari da wancan.

Wannan yana da haɗari ga masu ajiya. Iri a ɗakin sanyi ba ya dawwama. Ana busar da shi sosai, a rufe a jakar da iska ba ta shiga, a ajiye a sanyin 18 ƙasa da sifili, lokaci lokaci a ɗebo kaɗan a gwada tsirowa. In tsirowar ta sauka ƙasa da kashi 85 cikin 100 na yadda take da farko, dole a fitar da shi gona a sabunta. To a nan ake ɓarna in ba a kula ba. In tsirrai kaɗan aka shuka, siffofin da ba su da yawa sai su faɗi a hanya, ba wanda zai sani. In kuma aka bar shi a buɗe kusa da wani geron, ya gauraya. Shi ya sa za ka ga an lulluɓe kawunan da jakunkunan takarda. Lamba tana nan a littafi yadda take, amma abin da ke cikin jakar ya ragu.

Sale Kwamared, Obalende: Duk na ji. Amma ku gaya mini gaskiya, wa ke cin moriyar wannan tantancewar? Sun bi ƙauyukanmu sun kwashe iri kyauta, tsoho ya ba su don kara, sun kai Indiya, sun kai Amurka, sun kai wani kogo a ƙanƙarar Norwe. Gobe su dawo mana da shi a leda da sunan kamfani mu saya. Kaurarmu mai ɗorawar ciki tun shekarun 1950 aka kai ta Amurka aka yi ta haɗa iri da ita. Wa ya biya manomin Kano ko sisi?

Malam Lawal, shugaban zaure: Kwamared ya hau.

Sale Kwamared, Obalende: Ban hau ba Malam, tambaya ce.

Bilkisu, Yaba: Tambaya ce mai kyau kuma ba ni da amsar da za ta wanke kowa. Maganar Kaura gaskiya ce, kuma ba a biya kowa ba. A wancan zamanin ana ɗaukar iri kamar ruwan rafi ne, kowa ya ɗiba. Yarjejeniyar duniya kan irin shuka sai a 2001 aka amince da ita, ta fara aiki a 2004. A ƙarƙashinta duk wanda ya karɓi samfuri daga irin waɗannan cibiyoyi yana sa hannu cewa ba zai mallake shi a yadda ya karɓe shi ya hana wasu ba. Ko rabon amfanin yana isa ga manomi yadda ya kamata, wannan har yau ana jayayya a kai, kuma ni ina ganin bai isa ba.

Amma Yaya Sale, hanyar ba ɗaya take bi ba. Ƙudujin da ke cin wake, wanda ke maƙalewa a saiwa ya tsotse shi, maganinsa a jikin wani waken gargajiya na ƙasar Botsuwana aka samo, lambarsa B301. Shi aka haɗa da wasu har aka fitar da wanda cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta saki da sunan SAMPEA 10. Manomin Botsuwana ma ba a biya shi ba, mu muka ci. Da ba a shuka samfuran nan a gonar da ƙuduji ya yi katutu an ga wanne ya tsaya ba, da yana can kwance a jaka da lambarsa.

Kogon Norwe kuwa, na Svalbard da aka buɗe a 2008, ajiya ce ta biyu kawai. Akwatin wanda ya kai shi ne, ba mai buɗewa sai shi. Akwatunan Ibadan suna cikin na farkon da suka isa. Da yaƙi ya ci Halab a Siriya, cibiyar ICARDA da ma'ajiyarta ke can ta je a 2015 ta karɓo nata, ta sake shukawa a Labanan da Maroko.

Sale Kwamared, Obalende: Na karɓi ta Botsuwana. Ta biyan manomi kuma kin yarda da ni, a rubuta.

Alhaji Mai Wake, Mile 12: Sale, kai yaro ne a 1975. Ni na ga kuturtar gyaɗa da idona. Gona ta yi kore shar, sai ganye ya murtuke ya dunƙule, ka tuge ka ga ba ko ɗa ɗaya. Daga Kano har Katsina haka. Mahaifinmu da gyaɗa yake biyan haraji ya yi mana kayan salla, a shekarar sai da ya sayar da shanun huɗa. Dalar gyaɗa dama ta fara ja da baya, wannan ta ƙarasa ta. Da a ce akwai wanda ya ajiye irin da ciwon ba ya kamawa a lokacin, ko a ƙanƙara ne ko a ina, da hannu biyu za mu karɓa.

Bilkisu, Yaba: Allah ya jiƙan Baba. Kuma akwai shi a lokacin. A gyaɗar gargajiya ta kan iyakar Burkina Faso da Kwaddibuwa aka samo jurewar ciwon. Matsalar ita ce waɗancan masu daɗewa ne a gona, daminar Kano ba ta isar su. Sai da aka ɗauki shekaru ana haɗawa kafin a sa jurewar a jikin mai saurin nuna.

Hajiya Mai Fura, Agege: Ni dai bari in faɗi tawa, ku yi haƙuri in na fita layi. Duk abin da kika lissafa ana aunawa, 'yata, ban ji kin ce ana dama shi a sha ba. Geron da ake kawo mana yanzu, mai gajeren kai ɗin nan da suke ce wa Sosat, ba laifi, yana da gari, ga shi fes. Amma in na kirɓa fura da shi ba ta yin danƙon da na sani, in ta kwana kuma sai ta saki. Geron da uwata take kirɓawa a Daura, tun daga turmi ƙamshinsa ke isa zaure, in kin cura ta kin birkiɗa a gari sai ta yi kwana biyu tana nan da ranta. Masu sayena 'yan Arewa ne, suna ganewa. Wani ya ce mini Hajiya hannunki ya canza. Hannuna bai canza ba, gero ne ya canza. Waye a cikin masu littafin nan yake rubuta danƙon fura?

Isuhu Ɗan Maraɗi, Idi-Araba: Hajiya ta gama magana.

Bilkisu, Yaba: Hajiya ba ki fita layi ba, kin shigo tsakiyarsa. Ana auna sinadarin ƙarfe da zinki da furotin a ƙwaya, har an saki wani gero mai yawan sinadarin ƙarfe a Nijar a 2018, sunansa Chakti. Amma danƙon fura, ko tuwon da zai kwana a yi ɗumame bai ruɓe ba, ko ƙosan da ba ya shan mai, waɗannan ba sa cikin abin da aka saba rubutawa a kan kowane samfuri. Gwajin DNA zai gaya miki wannan geron dangin wancan ne, ba zai gaya miki wanne ya fi daɗi a ƙwarya ba, sai in wani ya zauna ya kirɓa ɗari ya haɗa sakamakon da na gwajin. Kuma da wuya a yi, don abin da ke jakar ajiya bai kai a surfa ba, sai an ninka shi a gona tukuna.

Hajiya Mai Fura, Agege: To su ninka su kawo Agege, ni zan kirɓa musu. Turmi biyu gare ni.

Malam Lawal, shugaban zaure: Bilkisu, ni abin da ya tsaya mini shi ne yawan. Dawa 40,000, wa zai shuka su duka ya bi da littafi? Ko filin ma ina?

Bilkisu, Yaba: Ba mai iyawa Malam, shi ya sa yawancinsu suka daɗe ba wanda ya taɓa su. Dabarar da aka kawo a 1984 ita ce a zaɓi kashi 10 cikin 100 da zai wakilci sauran. A kasa su bisa ƙasar da suka fito da siffofinsu, a ɗauki kaɗan daga kowane kashi. Da aka ga wannan ma ya yi yawa sai aka sake tacewa zuwa wajen kashi 1 cikin 100. Na dawa ya tsaya a 242, na gero 238. Wannan ko ɗalibi zai iya shukawa a fili ɗaya. In ya ga mai jure fari a ciki, sai ya koma ga danginsa a babban rumbun ya faɗaɗa nema.

Inda nake da ja da dabarar shi ne, abin da ke jikin samfuri ɗaya tak cikin dubbai yana iya zamewa ta ramin rariyar. Kuma zaɓen bai fi bayanan da aka gina shi a kai kyau ba. Tsofaffin samfura da yawa abin da aka rubuta musu shi ne “Najeriya” ko “kasuwa”, ba gari, ba sunan da manomi ke kiransa.

Isuhu Ɗan Maraɗi, Idi-Araba: Ni kuma ga tawa. Hatsin da anka ɗauka garinmu zamanin kakana, in anka maido shi yau, zai yi? Damanar da ya sani ba ita ba ce yanzu. Da ruwa shina kaiwa har bayan an fara girbi, yanzu ko ya zo a makare ko ya ɗauke hatsi na cikin bununi.

Bilkisu, Yaba: An gwada wannan, kuma a ƙasarku aka gwada. A 1976 masu bincike sun zaga ƙauyukan Nijar sun tattara gero. A 2003 aka koma ƙauyukan nan dai aka sake tattarawa, aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Tsakanin shekarun an sha fari, har da na 1984. Abin da aka tarar: yawan bambancin gado bai rushe ba kamar yadda aka ji tsoro, sunayen irin ma galibi suna nan. Amma na 2003 ya fi saurin fid da kai, zangarniyarsa ta ɗan rage tsawo. Wata ƙwayar gado mai sa saurin fure, yawanta ya kusan ninkawa. Ba wani malamin gona da ya yi wannan. Manoma ne, kowace kaka suna ware kawunan da suka cika su rataye don iri, a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri kuwa masu saurin ne suka cika.

Don haka amsarka Malam Isuhu: na kakanka zai tsiro, amma wataƙila ya makara. Na gona ya ci gaba da tafiya, na ɗakin sanyi yana 1976.

Sale Kwamared, Obalende: To ashe ajiyar ba ta da amfani ke nan. A bar wa manomi kayansa.

Bilkisu, Yaba: Da ba a ajiye na 1976 ba, da me za a gwada na 2003?

Baana, Apapa: Salamu alaikum. Ina layin lodi tun safe ina karanta ku, ban so in sa baki ba, amma maganar Kwamared ta ƙarshe ta taɓa ni. A bar wa manomi kayansa, to in manomin ne aka kora fa? Mu mutanen wajen Dikwa masakwa muke yi, wato dawar rani. Ba da ruwan sama take girma ba. Ana yayyafa irin a wuri guda tun ana ruwa, in ruwan da ya kwanta a firgi, wato baƙar ƙasarmu mai laka, ya janye sai a huda ƙasa da sanda, a zuba ɗan ruwa a ramin, a dasa. Shi ke nan, ba ta ƙara ganin ruwa har girbi a cikin sanyi, laimar baƙar ƙasar nan take sha. Kowane gida da nasa, akwai fara, akwai ja, akwai mai ɗorawa, akwai wadda tsuntsu ba ya so. Da rikici ya zo mutane da kayan jikinsu suka fita. Rumbuna an ƙone, wasu an kwashe. Shekaru ba a dasa ba. Da aka fara komawa, abin da aka samu a kasuwa ko aka raba shi aka shuka. Irin gidanmu ban san ko yana duniya ba.

Alhaji Mai Wake, Mile 12: Allah ya kawo ƙarshen abin nan, Baana. Allah ya mayar da alheri.

Hajiya Mai Fura, Agege: Amin ya Allah.

Sale Kwamared, Obalende: Amin. Ban yi tunanin wannan ɓangaren ba.

Bilkisu, Yaba: Amin. Yaya Baana, akwai shafin intanet mai suna Genesys da ke tattara bayanan samfuran ma'ajiyoyi da yawa, ana iya nema da sunan ƙasa da wurin da aka ɗauko. Turo mini sunan garinku da manyan garuruwan da ke kusa ta akwatina in duba. Kada ka sa rai da yawa. Masu tattara iri sun fi yawo a kaka lokacin girbin damina, kuma sun fi bin bakin titi, masakwa kuwa girbinta daban, wurinta daban. Wannan ma yana cikin aikin tantancewa: a ɗora wuraren da aka ɗauko samfura a kan taswira a ga inda ba a taɓa zuwa ba. Cibiyar binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri da ta Samaru su ma wuraren tambaya ne.

Baana, Apapa: Zan turo. Akwai kuma wani abu. Tsohuwarmu tana Maiduguri, ta taɓa ce mini ta fito da ɗan kaɗan a ƙulle a bakin zane, ta zuba a kwalba da toka. Ba ta yarda a taɓa. Ban sani ba ko na gidanmu ne ko na maƙwabta, kuma ya daɗe.

Alhaji Mai Wake, Mile 12: A kawo shi nan mana. Ina da fili a wajen Ikorodu, a shuka a gani.

Bilkisu, Yaba: A'a Baba Alhaji, don Allah kada a kawo shi Legas. Laimar nan za ta kashe abin da ya rage a kwalbar cikin 'yan watanni, kuma ba ƙasarsa ba ce. Irin gargajiyarmu da yawa tsawon rana suke bi kafin su yi fure. Kanannadon ka ma haka yake, ko yaushe ka shuka shi sai rana ta fara gajarta yake fure. Masakwa kuma firgi take so da sanyin hunturu. A can za a yi komai.

Yaya Baana, ga abin da za a yi. Kada a juye kwalbar. A ƙirgo ƙwaya 20 kawai, a rufe sauran yadda yake. A shimfiɗa su a tsumma mai tsabta da aka jiƙa aka matse, a naɗe, a sa a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kada ya bushe, kada kuma ya yi jagab. Bayan kwana 7 zuwa 10 a buɗe a ƙirga waɗanda suka fid da saiwa da tsiro. In da yawa sun tsiro, akwai sauran lokaci, a jira lokacin yayyafa iri. In biyu ko uku ne, to kada a kai shi gona kai tsaye, a nemi ma'aikatan cibiyar Maiduguri su raine shi a tukwane inda akuya da tsuntsu ba za su kai ba. Kuma ko da ya yi kyau, kada a shuka duka a shekara ɗaya, a raba biyu.

Baana, Apapa: Wuyar ita ce ta yarda a ɗebi ashirin ɗin. Sai dai in ce ƙanwata ta yi a gabanta.

Bilkisu, Yaba: In ashirin ta yi mata yawa, goma ma ta isa a fara. A tambaye ta kuma sunan da take kiransa da shi, da launin tuwonsa, da wace irin ƙasa aka fi dasa shi, ƙanwarka ta rubuta ko ta ɗauki muryarta a waya.

Baana, Apapa: To. An kira lambar motata, sai na fito daga tashar zan kira su.